Gyaran da aka hana ni karantawa

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin situdiyo, bayan shekara tara ina gabatar da shirin lafiya na Hausa a gidan rediyonmu na nan Kumasi. Abokan aiki sun san dalilin tafiyata, ba sai na tona ba. Abu guda nake so in ajiye a rubuce, don har yau yana hana ni barci.

A Satumban 2019 labarai suka riƙa shigowa daga Amurka cewa matasa na ta kwanciya asibiti da huhu a lalace, wasu sun rasu, kuma masu zuƙar sigarin lantarki ne. Na rubuta rahoton, na ce har yanzu likitoci ba su gano takamaiman abin da ke jawo ciwon ba. Shugaban sashenmu ya sa biro ya soke layin. Ya ce, "Malam, wa zai bar aikinsa ya saurari 'ba a gano ba'? Ka ce ya fi taba saurin kisa." Na ce, "Yallaɓai, ba haka aka ce ba." Ya nuna mini agogo. Na shiga na karanta da bakina, kuma ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya.

A Nuwamba hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sanar cewa ta samu bitamin E asitet a ruwan huhun marasa lafiyar. Wani mai ne mai kauri da 'yan kasuwar bayan fage ke surka ruwan wiwi da shi don ya yi auki. Zuwa Fabrairun 2020 mutum wajen 2,800 aka kwantar, 68 suka rasu, kuma akasarinsu irin wannan haɗin wiwin suka zuƙa. Na rubuta gyara na minti biyu na kai wa shugaban sashenmu. Ya ce gyara zubar da mutuncin tasha ne, ga kuma korona ta shigo, kowa ya manta.

Ashe ba kowa ya manta ba. Wata safiya a wurin mai shayi a unguwar Aboabo, wani dattijo direban motar haya ta trotro ya gane muryata. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka ceci raina." Shekara talatin yana shan taba, ɗansa ya aiko masa da na lantarki daga Ingila, har ya yi wata bakwai bai kunna kara ba. Ranar da ya ji ni ya jefa shi cikin kwata. Yana ba ni labarin, ga karan taba a saƙale a bayan kunnensa, yatsunsa biyu sun yi rawaya. Na ce amin, na biya kuɗin shayina na tashi. Bakina ya kasa faɗa masa gaskiya, alhali na san ƙonewar ganyen ce ke fitar da kwalta da gubar da ke kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara a duniya.

Kada wani ya ɗauka ina wanke sigarin lantarki. A 2023 wannan shugaban dai, da wani mai shago ya kawo kuɗin talla, ya ce in faɗa wa masu sauraro illarsa ta yi ƙasa da ta taba da kashi 95 cikin ɗari. Adadin daga rahoton hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ne na 2015, kuma ƙiyasin masana ne a kan wanda ya riga ya kamu da taba yana neman mafita. Bai shafi ɗan makarantar Asawase da bai taɓa shan taba ba, wanda ke zuƙar mai ƙanshin mangwaro a bayan gida, nikotin na kama ƙwaƙwalwarsa tun bai gama girma ba. A shekarar ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta ja kunne cewa sayar da shi da tallarsa don shaƙatawa ya saɓa wa doka. Na ƙi karantawa. Aka ɗauke ni daga shirin wata uku, aka ce ban san kasuwa ba.

Ga masu shigowa bayana: ku karanta rahoto har ƙarshe, ku tambayi wa ya biya kuɗin binciken, ku kuma ajiye kwafin rubutunku kafin biron wani ya hau kansa.

Makon jiya na koma Aboabo na nemi dattijon har na same shi a tasha, yana jiran motarsa ta cika. Na zayyana masa komai. Ya daɗe yana kallona, ya yi tari, sannan ya ce, "To ɗana, me ya hana ka faɗa a rediyo?"