Abin da koyar da kimistiri ya koya mini a kan zafi da tsami

A littafin kimistiri, babin amain daban yake, na kabohaidiret daban, na enzaim ma daban. Haka muka haddace su muna ɗalibai. Sai da na fara koyarwa a wata sakandare a cikin birnin Kano na gane cewa haddar suna ba ta daɗewa a kan yaro. Abin da ke zama shi ne amsar tambaya ɗaya: a wane yanayi abin yake aiki?

Ga gwajin da ba na tsallakewa. A dama sitaci a ruwa, a raba a kwalaben gwaji biyu. Ɗaya a zuba masa yawu a ajiye cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37. Ɗayan a zuba masa yawun da aka tafasa. Yara kan yi ta ƙyanƙyami da dariya wajen tofawa, amma da an ɗiga aidin, sinadarin da ke tona sitaci ta hanyar sauya launi, sai aji ya yi tsit. Na yawun da aka tafasa ya koma shuɗi mai duhu kamar zai yi baƙi, domin sitacin na nan. Ɗayan kuwa ya tsaya ruwan ƙasa-ƙasa, amilas, wato enzaim ɗin da ke cikin yawu, ya riga ya daddatsa sitacin ya zama sukarin maltos. Enzaim furotin ne mai hanzarta sauyawar sinadarai, tafasa na warware masa siffa, shi ke nan ya mutu murus. A 1926 James Sumner ya tabbatar da zamansa furotin, ya kuma sami kyautar Nobel a 1946.

Masu kunun zaki sun san wannan tun kafin mu. Ba sa zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi, waɗanda su ma ke ɗauke da amilas, a gasarar da ke tafarfasa. "Bari ya ɗan huce tukuna," in ji su. Da ya huce aka gauraya aka bar shi ya kwana, kaurin zai saki, zaƙi ya fito. Tsami ma haka yake: amilas ɗin yawu na daina aiki a tsamin ciki, inda fefsin, enzaim ɗin ciki mai narkar da furotin, ke jin daɗinsa a wajen pH 2 (pH ma'aunin tsami ne, 2 kuwa tsami ne mai ƙarfi).

Amain kuwa da hanci nake koyar da shi. Ƙarnin kifin ƙanƙara tiraimetilamain ne, ɗan ƙaramin amain mai saurin tashi a iska. Amain ƙanin amoniya ne, yana karɓar haidirojin daga asid ya zama gishiri, gishiri kuma ba ya tashi. Shi ya sa uwargida ke wanke kifi da lemun tsami. Ba rufe warin take yi ba, ɗaure shi take.

Amma inda na fi son kai ɗalibai shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. A ganyen baba babu shuɗi ko kaɗan. Akwai wani sinadari marar launi, indikan, wanda gulukos ke maƙale da shi. Idan aka jiƙa ganyen, enzaim ya cire gulukos ɗin, ragowar ta haɗu da iska ta zama shuni. Matsalar ita ce shuni ba ya narkewa a ruwa. A nan toka ke shigowa, ta kawar da tsami daga ruwan, ƙwayoyin bakteriya su yi ta aiki kwana da kwanaki har su juya shunin zuwa siffar da ke narkewa. Ka tsaya kusa da marini lokacin da ya ɗago ƙyalle daga karofi: kore-kore yake fitowa, yana rataye a hannunsa yana ɗiga, da iska ta taɓa shi ka ga shuɗi na bin sa a gaban idonka. Ba shi da ma'aunin pH, amma da kallon kumfa da jin wari yake sanin ko ruwan ya nuna, kuma a ganina idonsa ya fi na ɗalibai da yawa masu A a takarda.

Amain ma bai yi nisa da karofin ba. Anilin, wani amain da ke cikin manhajarmu, daga shuni aka fara samo shi a 1826. Daga baya lamarin ya juya: kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, cinikin baba ya karye a duniya, yau kuma da anilin ake haɗa yawancin shuɗin da ke jikin wandon jins.