Inda sababbin dabaru suke fitowa a ofishin akanta

Aikinmu lissafin kuɗi da shawarar haraji ne a Kano. Ba mu da injin, ba mu da ɗakin bincike, jarinmu abin da ke kan ma'aikata ne. In na bi diddigin duk wani sabon salo da muka ɓullo da shi, ko dai doka ce ta sauya, ko kuwa abin da muka kai wa ɗan kasuwa ne ya ƙi shiga hannunsa.

Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga harajin VAT (harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka sayar) daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari tun daga Fabrairun 2020, ta kuma ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓarsa. Sai tambaya ta zama ɗaya: "Ni ina ciki ko ba na ciki?" Ba a amsa ta sai an san jimillar cinikin shekara, alhali ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa yawanci littafin bashi kaɗai yake riƙewa da kyau. A 2021 kuma FIRS, hukumar tara harajin tarayya a lokacin, ta fito da shafin intanet na TaxPro Max, miƙa bayanai ya koma ta intanet, na VAT kafin 21 ga watan da ke biye.

Da farko manhajar lissafi muka saya muka ɗora wa mutane a kwamfuta. Ba ta yi ba. Manhajar tana son kowane kaya da lambarsa da tsayayyen farashi, a Kwari kuwa ciniki ake yi, a sayar da yadi, a sayar da bandir, a sayar da dila, rabi hannu rabi bashi. Yaron shago ba zai bar mai saye a tsaye ya zauna danne-danne ba, ga wuta ba tabbas. Cikin 'yan makonni kowa ya koma littafinsa.

Ƙaramin ma'aikacin da ke yawan shiga kasuwa ne ya kawo mafita: a bar musu littafin, a gyara shi. Muka ja layi biyar a kowane shafi: kwanan wata, kaya, adadi, kuɗi, da yadda aka biya (tsaba, taransifa, POS ko bashi). Da an tashi kasuwa yaron shago ya ɗauki hoton shafin ya turo ta WhatsApp, washegari da safe mu shigar a Excel, ranar Asabar mu gwada da bayanan banki. Muna miƙa bayanan VAT kafin 15 ga wata, don kada intanet ta yanke a ranar ƙarshe.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne rubuta biyan tsohon bashi a matsayin sabon ciniki. Kaya ɗaya ya shiga lissafi sau biyu, haraji ya kumbura. Dole muka ware wa biyan bashi shafinsa daban a bayan littafin. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuma, masu saye suka riƙa tura kuɗi asusun yaran shago, littafi ya ce an biya, banki ya ce bai gani ba. Tun daga nan sharaɗinmu ne: shago ɗaya, asusu ɗaya, da sunan kasuwancin.

Abin da ya fi damuna shi ne dabarar da ke kan mutum ɗaya. Wanda ya ƙware yakan samu aiki mai tsoka ya tafi, ya tafi da sanin wane Alhaji ne ke rubuta 7 kamar 1. Yanzu kowane shago mutum biyu ne ke riƙe da shi, kuma duk ƙa'idar da aka gano sai an rubuta ta a fayil ɗinsa a ranar. Hotunan ma ba sa kwana a wayar kowa sai ta ofis, musamman bayan dokar kare bayanai ta 2023.