Jamie Vardy da daren da gidan kallonmu ya yi tsit

A daren 28 ga Nuwamba 2015, bayan sallar magariba, ina zaune a wani gidan kallon ƙwallo a unguwar Zongo nan Damagaram, sanyin hunturu ya soma shigowa, benci kuwa cike da magoya bayan Manchester United. Christian Fuchs na Leicester ya zura wata ƙwallo ta bayan masu tsaron baya, wani siririn ɗan wasa ya sheƙa da gudu ya buga ta wuce De Gea, mai tsaron ragar United. Wuri ya yi tsit, in ban da mai shayin bakin ƙofa da ya kwashe da dariya. Wasa na 11 ke nan a jere da Jamie Vardy ya ci ƙwallo a gasar Firimiya, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy, a ragar tsohon kulob ɗin van Nistelrooy ɗin kuma.

An haifi Vardy a Sheffield a 1987, kuma yana ɗan shekara 16 Sheffield Wednesday ta sallame shi. Ya koma ƙaramar ƙungiyar Stocksbridge Park Steels yana karɓar fam 30 a mako, da rana kuma yana aiki a masana'antar da ke ƙera kayan tallafa wa masu karaya. Bayan wata rigima da ta kai shi kotu, an ɗaura masa na'urar sa ido a ƙafa, har akan fitar da shi daga wasa tun ba a tashi ba domin ya isa gida kafin wa'adi ya cika. Daga nan sai Halifax a 2010, sai Fleetwood, wadda a lokacin take mataki na biyar a ƙwallon Ingila. Sai a 2012, yana da shekara 25, Leicester ta saye shi fam miliyan 1. A fadarmu, matashin da ya kai wannan shekaru yana buga ƙwallon unguwa, cewa ake yi ya nemi kabu-kabu ya yi aure.

Kofin Firimiya da Leicester ta ci a 2016 a ƙarƙashin koci Claudio Ranieri kowa ya san labarinsa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Kanté ya tafi Chelsea, daga baya Mahrez ya tafi Manchester City, shi kuwa Vardy Arsenal ta neme shi ya ƙi. Abokaina suka ce ƙaramar zuciya ce. Ban yarda ba a lokacin, har yau ma ban yarda ba. Ya zauna ya ci takalmin zinare a 2020 da ƙwallo 23 yana da shekara 33, ya ɗauki kofin FA a 2021 tare da Ndidi da Iheanacho, kuma da ƙungiyar ta faɗi a 2023 bai gudu ba, da shi aka dawo da ita.

A watan Mayu 2025 ya buga wasansa na 500 a Leicester, ya ci ƙwallonsa ta 200 a ragar Ipswich, sannan ya wuce Cremonese ta Italiya. A waya na ga wannan ƙwallo, domin a ranar mai gidan kallo wasan Arsenal ya sa mana.