Yaronka ya iya waƙar coci, amma dikte ake tambaya

Abin da ya fi ci mana rai, mu Katolika 'yan Najeriya da zama ya kawo mu Yamai, shi ne ranar da aka mayar da yaro baya. Ya gama JSS3 a Kafanchan ko Zonkwa da sakamako mai kyau, a nan kuma a zaunar da shi cikin ƙannensa.

Ga yadda lissafin yake. Sakandare a gida shekara 6 ce, a Nijar 7. Ana farawa daga siziyam, wato aji 6, lambar aji tana raguwa har turwaziyam, aji 3, inda ake zana BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, sannan shekara 3 ta lise, wato babbar sakandare, zuwa jarrabawar ƙarshe ta BAC. Tun kafin a taɓa maganar harshe an riga an ƙara masa shekara guda. Sai gwajin shiga, galibi dikte (a karanta wa yaro ya rubuta) da lissafi, duka da Faransanci. Lissafin yakan iya, tambayar ce ba ya ganewa. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma takardar jarrabawa ba ta canza harshe ba.

Kada kowa ya zo da tunanin katin baftisma zai buɗe masa ƙofa. Makarantun mishan irin su Mariama da Issa Béri yawancin ɗalibansu Musulmi ne, iyaye na rububinsu saboda horo, kuma maki ake dubawa. A fara zirga-zirga tun Yuni ko Yuli, domin kafin a koma lakwal, wato makaranta, a Oktoba gurabe sun cika. A riƙo takardar haihuwa da fassararta, sakamakon shekarar da ta wuce mai hatimi, shaidar barin tsohuwar makaranta, da hotuna. Sunan yaro ya zama iri ɗaya a kowace takarda. Harafi ɗaya ya bambanta, aiki ya tsaya. Watannin damina kuma a nema masa mai koyar da Faransanci kullum.

Ranar Lahadi a katidiral ta Notre-Dame du Perpétuel Secours sai kewa ta taso. Ana waƙa da Faransanci, ga ƙungiyoyin 'yan Togo da Benin da Burkina kowa da salonsa. Da can Latin ce ke haɗa kowa. A ranar 4 ga Disamba 1963 babban taron Vatican na biyu ya ba harsunan gida da kiɗan gargajiya wuri a cikin Mass, kowace ƙasa ta kama tata hanya. Mu tamu ta bi ta Hausa, ta hannun katikis da Zumuntar Mata, da tulu da ganga da kacau-kacau, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa. Bishara ta isa Shendam, a jihar Filato ta yau, tun 1907, kuma ba ma jin kunyar cewa a wajen amshi babu wanda ya kai iyayenmu mata. Yaranmu sun haddace waɗannan waƙoƙi tun suna goye, a nan kuwa sai su tsaya bakinsu a rufe.

Mama tana bugo waya tana tambayar ajin da jikanta yake. In an ce mata siziyam, aji shida ke nan, sai ta yi guɗa, ba ta san ajin farko ba ne. Baba kuma cewa yake a dawo da yaron gida ya zana WAEC tare da 'yan'uwansa, ɗakinsa yana nan. Ke kuma Yayata da ke gida, in za ki aiko da takardun makarantar, ki sa shugaban ya buga hatimi a kowane shafi, ki haɗo da littafin waƙoƙin Mama na Zumunta in za ta yarda ta rabu da shi.