Sunan Baba iri uku a takardun autarmu

Ranar wata Asabar bayan la'asar na ce wa autarmu ta kwaso min duk wata takarda da ke ɗauke da sunanta, tun daga katin riga-kafi har sakamakon NECO, muka baza su a tabarma a tsakar gidanmu nan Tudun Wadar Zariya, ina ɗauka ɗaya bayan ɗaya ina karantawa ita kuma tana rubutawa a bayan wani tsohon kalanda. Karatun haɗa magunguna take so a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), tun tana aji huɗu ba ta da zance sai Samaru inda jami'ar take, kuma wallahi yarinyar ta yi ƙoƙari, Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji duk ta kawo kiredit a zama ɗaya. Ni a tunanina abin da ya rage kawai a sayi fom a zauna karatun JAMB.

Ba mu kai takarda ta biyar ba gabana ya faɗi. A takardar haihuwa sunan Baba Muhammadu ne, a makaranta da NECO an rubuta Muhammad, a NIN kuma Mohammed. Ranar haihuwa ma a NIN ɗin 1 ga Janairu aka sa mata, alhali a watan Agusta aka haife ta, ni na je kiran ungozoma ranar. Ashe lokacin da ake rububin haɗa layi da NIN ne aka kwashe su su huɗu zuwa wani shago, yaron da ke kan kwamfuta ya cike abin da ya ga dama saboda layi ya yi tsawo, ba wanda ya karanta silif ɗin aka ninke aka jefa a durowa. Umma tana tankaɗe a gefe ta ce, "To ai duk sunan Manzon Allah ne, meye na tada hankali?" Na ce Umma haka ne a wajenmu, amma kwamfuta harafi take ƙirgawa, ba ta san Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ba ne.

Kuma wannan matsalar tamu ce mu Hausawa sosai. Yarinya a gida A'i, a islamiyya A'ishatu, a firamare Aisha, wani malamin ya ƙara mata sunan kaka ko sunan unguwa don ya bambanta ta da sauran Aishoshin aji, shikenan ya bi ta. Muh'd da Moh'd kuwa ba a magana, kowa da yadda yake gajartawa.

Dalilin da yasa abin ya zama babba yanzu, tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Za ka rubuta NIN ka bar sarari ka sa lambobinka 11 ka tura zuwa 55019 ko 66019, sai a turo maka lambar furofayil wadda da ita za ka sayi fin, wato lambar sirrin yin rajista. Suna da ranar haihuwa daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, suke zuwa kai tsaye, mai rajista a santar CBT ba shi da ikon canza ko harafi ɗaya ko da ɗan uwanka ne. To ka ga in NIN ya ce Mohammed, JAMB ma Mohammed za ta ce, takardar admishan Mohammed, sai ranar tantancewa ka miƙa sakamakon sakandare mai Muhammad a ce ka tsaya gefe. Kuma ba a nan yake ƙarewa ba, shekara huɗu ko biyar gaba lokacin bautar ƙasa maganar za ta sake tasowa, don sai sunanka yana jerin ɗaliban da JAMB ta san da shigarsu kafin a tura ka.

Shawarar da muka yanke ita ce a bi sunan da ke kan NECO da ranar da ke kan takardar haihuwa, don NIN shi ne wanda aka yi wa kuskuren. Muka je kotu aka yi takardar rantsuwa cewa sunayen nan duk na mutum ɗaya ne, muka haɗa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya muka nemi gyara. Gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada nesa ba kusa ba, kuma ba ranar da ka biya yake hawa ba, shi yasa nake roƙon duk mai ƙani ko ƙanwa a aji shida ya duba tun a zangon farko, kar a bari sai an buɗe sayar da fom ana ta guje-guje tsakanin PZ da Kwangila da azahar.

Anan bari in faɗi wani abu da ke damuna. A bakin kotun wata mata ta ja ni gefe tana tambaya yadda za a ƙara wa ɗanta shekara ɗaya don ya kai 16 ɗin da ake nema kafin shiga jami'a. Na ce Hajiya don Allah ki bar shi ya jira baɗi. Rantsuwa ce fa za a yi a kan ƙarya, sannan yaron zai ja takardu masu karo da juna har ya yi ritaya.

Takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda kowa ke cewa indijin, ita ce ta fi min daɗin nema. Da ni da Baba da ita muka je zauren mai unguwa bayan sallar asuba, muka cire takalma muka durƙusa, Baba ya ce ranka shi daɗe yarinyar ce za ta nemi jami'a. Ya kalle ta ta saman tabarau ya ce, "Jikar Malam ce ko? Ta gidan mai durumi?" Ya lissafo kakanninmu har uku bai duba komai ba, ya sa hannu ya buga hatimi ya sa mata albarka, daga nan muka wuce wajen hakimi sannan sakatariya. Amma ko a nan sai da na tsaya a kan mai bugawa na ce a rubuta Muhammad, na nuna masa da yatsa a kan NECO. A kula kuma, ƙaramar hukumar Zariya daban ta Sabon Gari daban, Samaru ma a Sabon Gari take, inda asalin gidanku yake can za ka nema ba inda kuke haya ba.

Sai maganar layin waya. Kar a yi furofayil da layin mai kafe ko na saurayin yaya ko na maƙwabci, layi ɗaya ɗalibi ɗaya ne, kuma duk saƙon JAMB ta nan zai riƙa zuwa. Na saya mata nata, na buɗe mata imel, kalmar sirrin na rubuta a cikin murfin fayil ɗinta na kuma ajiye a wayata.

Abin da ke cin yara da yawa a ƙarshe shi ne sun yi rajista suna jiran sakamako, WAEC ko NECO ko NBAIS ya fito ba su koma santar CBT an ɗora musu ba. Tun da aka kawo CAPS, tsarin JAMB na bayar da admishan ta intanet, a 2017 ta nan admishan ke bi, in ba a ga kiredit ɗinka a can ba ko maki nawa ka ci ba za a kalle ka ba, in kuma an ba ka sai ka shiga ka karɓa da hannunka kafin ka fitar da takardar. Satifiket na firamare da testimoniyal da hotunan fasfo su ma a haɗa, a yi fotokwafin komai a ƙalla biyar-biyar, asalin kuma kar a bar wa kowa ko na minti ɗaya ne.

Jiya da daddare ta shigo ɗakina da gudu da sabon silif ɗin NIN a hannu tana cewa, "Yaya ya fito, Muhammad ne, Agusta ne!" Na karɓa na karanta harafi-harafi sau biyu a ƙarƙashin fitila kafin na sa shi a fayil ɗin roba mai ruwan toka, Umma ta ɗaga katifa ta tura shi can ƙasa. Litinin in Allah ya kai mu da ɗan yayarmu zan zauna, shi yana aji biyar, na ce a turo min shi da duk takardunsa a leda.