Yadda na nemi harafin sikila da ƙura mai haske

A kan harafi ɗaya tak na yi aikin digirina na biyu. Ƙwayar gadon da ake kira HBB, wadda ke kan kuromozom na 11, ita ke ba da umarnin ƙera wani ɓangare na jan sinadarin jini. A gurbinta na 6, mai jinin A yana ɗauke da haruffan DNA uku, GAG, mai sikila kuma GTG. Wannan sauyin na harafin A zuwa T shi ke hana iyaye barci a asibiti, shi ke raba masoya bayan gwajin aure.

Malamina ya ce in nemo harafin da ɗigon kwantam. Ƙura ce ta kadmiyam da seleniyam, girman kowace ƙwaya bai wuce nanomita 2 zuwa 10 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma girman ne ke yanke launin da za ta fitar idan an haska ta. A kan wannan ƙurar Moungi Bawendi da Louis Brus da Alexei Ekimov suka karɓi kyautar Nobel a 2023. Wadda na yi amfani da ita tana ba da haske ruwan lemo a nanomita 605, domin launin haske ma da nanomita ake auna shi.

Ga yadda abin ke tafiya. Na fara ninka yankin DNA ɗin da injin PCR. Sai na zuba gajerun zaruruwa biyu da muke kira ƙugiya. Ɗaya tana kama zaren majinyaci ta maƙale shi jikin ɗigon. Ɗayar tana ɗauke da rini mai suna Cy5, ba ta zama daram sai haruffanta sun yi daidai da na majinyaci; ita wannan iri biyu ce, ta jinin A da ta jinin S. In ta zauna, rinin ya matso dab da ɗigon, ɗigon ya miƙa masa ƙarfinsa, na'ura ta ga jan haske a nanomita 670. In ba ta zauna ba, ruwan lemo kawai za ka gani.

A takarda ke nan. A kan teburin gwaji, zafi ne komai. Ƙugiyar da ta saɓa da harafi ɗaya ma tana maƙalewa in ruwan ya yi sanyi, sai jinin AA ya yi ja kamar na SS. Ka ƙara wuta ta wuce kima, ta gaskiyar ma ta saki. Tazarar 'yan digiri kaɗan ce, kuma da hawa-hawa na gano ta, ina ɗaga zafin ina duba allo. Gishiri kuma in ya yi yawa a ruwan haɗin, ɗigon ya dunƙule ya kwanta a gindin kwalba, har ido yana ganinsa a ƙarƙashin fitila. A firiji ake ajiye shi, amma kada ya daskare. Saboda ɗauke wuta sai da muka jona firijin da batir.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani samfuri da ƙugiyar S kaɗai ta haska, alamar SS ke nan, amma hasken ya yi rauni, kusan rabin na sauran. Malamina ya duba ya ce, "Malama, je ki kawo sakamakon gwajin asibiti." SC ne. Jinin C, wani nau'i daban da A da S, yana da AAG a wannan gurbi na 6 ɗin, don haka ƙugiyar A da ta S duk sun wuce shi. Haka mai AC zai fito tamkar AA, a ba shi takardar aure da kwanciyar hankali, alhali in ya auri mai AS za su iya haifar SC. Jinin C ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, amma a nan ma akwai shi. Dole muka ƙera ƙugiya mai rini ta uku, ta jinin C, muka sake neman zafin da zai yi wa ukun daidai.

Ban ga wannan hanya tana korar gwajin da asibitocinmu suka saba da shi nan kusa ba. Sai ka yi PCR tukuna, ɗigon yana da tsada, kadmiyam kuma guba ne, ruwansa ba a zuba shi a magudana, a jarka daban muke tarawa. Inda take da amfani shi ne wurin da gwajin jini ke rikicewa, kamar yaron da aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, domin jajayen ƙwayoyin wani ne ke yawo a jikinsa, DNA ɗin kuwa nasa ne.