Komawa ajin likitanci da digirin harhaɗa magunguna da sakamako mai rauni

Tun da na fara karatun likitanci, abokan sana'ata ta farko suke yawan yi mini tambayoyi biyu: ko digirin harhaɗa magunguna yana rage wa mutum hanya, da kuma ko wanda ya fita da maki mai rauni yana da abin da zai sa rai da shi. Amsar ta farko gajeriya ce, domin abin da digirin yake ragewa bai wuce shekara ɗaya ba, ita ma sai an yi dace. Ta biyun ce take buƙatar bayani, kuma ni ma da irin wannan sakamakon na fita.

A Najeriya ƙofa biyu ce ake bi zuwa karatun MBBS, wato digirin likitanci, kuma dukansu ta hannun hukumar JAMB suke. Ta farko ita ce jarrabawar UTME, wadda take kai mutum aji ɗaya. Ta biyu ita ce shiga kai tsaye da ake kira DE, wadda take kai shi aji biyu. A iya nan gatan mai digiri ya tsaya, ko da ya shafe shekara biyar yana karanta magunguna, ya yi shekarar horon aiki, ya kuma yi bautar ƙasa. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci da likitocin haƙori, ita ce take ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, kuma kason da ake ware wa masu shiga kai tsaye ɗan kaɗan ne. A kan waɗannan ƴan gurabe ne mai harhaɗa magunguna zai yi takara da yaran da suka fito daga IJMB da JUPEB, wato karatun share fagen shiga jami'a, da maki mai kyau, da kuma waɗanda suka karanta anatomi (ilimin sassan jiki) ko fisiyoloji (ilimin yadda jiki yake aiki) suka fita da daraja ta ɗaya. Makarantu da yawa daraja ta biyu mai girma suke nema daga mai digiri. Wasu jami'o'i kuwa ba sa rarraba digirin harhaɗa magunguna zuwa darajoji, abin da yake sa wasu su ɗauka rauninsu ya ɓuya, alhali idan aka nemi takardar da take ɗauke da makin kowane darasi, duk jarrabawar da mutum ya maimaita tana nan a rubuce.

Tawa takardar ta yi rauni a aji biyu da aji uku, musamman a kemistirin magunguna. Ina da dalilai, wasunsu ma masu ƙarfi, amma fom ɗin neman gurbi ba shi da wurin rubuta dalili. Na nemi shiga kai tsaye ban samu ba, kuma ban ga laifin kowa ba, domin da ni ne nake tace takardun, da wuya in zaɓi tawa. Masu ba da shawara sun ce in rubuta wasiƙar bayani, wasu suka ce in yi kamun ƙafa da wani babba. A ganina duka biyun ɓata lokaci ne, musamman tun da JAMB ta kawo tsarin CAPS a 2017, wanda ta cikinsa ake amincewa da kowane gurbi. Tsohon maki ba ya gyaruwa da bayani. Abin da mutum yake iyawa shi ne ya kawo sabon maki wanda za a duba a maimakonsa.

Wannan ne ya mayar da ni ƙofar farko. Sai da na fara duba sakamakon sakandare, abin da yawancin masu digiri suke mantawa da shi. Ana bukatar kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, makarantu da dama suna son a samo su a zama ɗaya, wasu kuma suna mayar da darajar kowane darasi maki su haɗa da na UTME da na tantancewar da suke yi da kansu. Wanda ya tsallake da ƙyar shekarun baya zai iya sake zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, kuma na yi hakan. Ita UTME darussa huɗu ce ga mai neman likitanci, Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks, a kan maki 400, kuma a kwamfuta ake yin ta. Kemistiri da bayoloji sun zo mini da sauƙi. Fiziks kuwa sai da na koma darasin yamma na zauna da ƴan shekara sha bakwai, waɗanda suke kirana Yaya kuma suke riga ni gama lissafi. Wanda girman kai ba zai bar shi ya yi wannan zama ba, gara ya san haka tun kafin ya sayi fom.

Akwai wasu hanyoyin, amma kowacce da tsadarta. Jami'o'i masu zaman kansu suna karɓar miliyoyin naira a shekara. Fita waje, wadda iyalai da yawa a Arewa suka dogara da ita, ta girgiza bayan yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023, kuma duk wanda ya karanto likitanci a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya yi aiki a gida.

Samun gurbi ba ya kashe maganar tsohon sakamako, domin dole mutum ya tambayi kansa abin da ya jawo raunin. Idan rashin lafiya ce ko wani hali da ya wuce, to da sauƙi. Idan kuwa salon karatu ne, wato tara littafi har sai jarrabawa ta matso, makarantar likitanci za ta tona shi cikin zango ɗaya. Makin tsallakewa 50 ne, kuma a babbar jarrabawar da ake yi bayan anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri, wanda ya faɗi yakan sake zama, ko ya maimaita shekara, ko a sallame shi gaba ɗaya. Fisiyoloji da bayokemistiri ba baƙi ba ne ga mai harhaɗa magunguna. Anatomi ce take ƙasƙantar da shi, domin ɗan abin da muka taɓa a karatun farko bai kai ko kusa da yanka gawa a ɗakin da warin fomalin yake sa ido hawaye ba, balle jarrabawar aiki da ake jera sassan jiki a kan tebura, a soka allura a wata jijiya, a ba mutum ɗan lokaci ya rubuta sunanta kafin ƙararrawa ta tura shi tebur na gaba. A nan babu wanda ya damu da cewa kana da lasisi.

Amfanin digirin farko sai a aji huɗu yake fitowa, lokacin da ake shiga famakoloji (ilimin aikin magunguna a jiki) da fatoloji (ilimin cututtuka) ana kuma fara zagayen marasa lafiya. Yayin da sauran ɗalibai suke haddar sunayen magunguna, kai ka riga ka san dalilin da ya sa ake lura da ƙoda idan ana ba da jentamisin, ko abin da ya sa metronidazol yake ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan wafarin, maganin hana daskarewar jini. Sai dai wannan sanin yana zuwa da wata ɗabi'a da malaman asibiti ba sa ragawa: hankalin mai harhaɗa magunguna yakan yi tsalle zuwa magani tun kafin a gama jin tarihin ciwo a duba jiki. Koyon jinkirta wannan tsalle ya fi mini wuya a kan haddar jijiyoyin hannu.

Sauran lissafin na lokaci ne da kuɗi. Shekara shida ce daga aji ɗaya idan komai ya tafi daidai, kuma yajin aikin malaman jami'a ya ci wajen wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Bayan nan akwai shekarar horon aiki a asibiti, ko da yake wanda ya riga ya yi bautar ƙasa ba ya maimaita ta. Wanda burinsa kawai ya matso kusa da marar lafiya, ko a kira shi dakta, ya kamata ya duba digirin PharmD, wato na dakta a harhaɗa magunguna, da horon ƙwarewa na kwalejin masu harhaɗa magunguna ta Afirka ta Yamma kafin ya ɗauki wannan kaya. Ni da aikin yamma da na ƙarshen mako a kantin magani nake ciyar da gida da biyan kuɗin makaranta. An sha yi mini tayin in ba da hayar lasisina ga kantin da ba zan riƙa zama a cikinsa ba, kamar yadda wasu suke yi, amma hukumar PCN, mai kula da aikin masu harhaɗa magunguna, ta hana hakan, kuma duk maganin da aka sayar a kantin ba bisa ƙa'ida ba, mai lasisin za a tuhuma.